Bindigar da ke Saman Ƙofar Inna Dawla

Asabar, bayan sallar asuba

Na sake wanke farar rigar Sinan, wadda ya sa ranar bikin. Babu datti a jikinta. Na shanya ta a cikin ɗaki, ba a saman bene ba, don kada matan gidan Galib su hango ta daga tagoginsu.

Ɗana yana inda yake. Ba zan rubuta wurin ba. Murshid, jikan Galib, yana kabari; harbin murnar da Sinan ya yi a bikin ne ya same shi. Dattawa sun karɓo mana wa'adi zuwa tsayuwar sabon wata. Kafin nan ba mai taɓa Sinan. Bayan nan jininsa nasu ne. Haka dokar kwarinmu take, kuma ban ce doka ta yi zalunci ba.

Na faɗa masa. Allah ne shaida na sha faɗa masa. Murna ba ta bukatar ƙarar harsashi. Sai ya yi dariya ya sumbaci kaina ya ce, "Umma, kowa yana yi."

Kowa yana yi.

Lahadi, da hantsi

Ƙanena Radman ya zo, kumatunsa cike da kat, ganyen mayen nan, tun rana ba ta yi tsaka ba. Na ce ya tofar kafin ya yi mini magana. Gidan da ke cikin irin wannan hali ba wurin tauna ba ne.

Ya ce dattawa na son a kai bijimi a yanka a ƙofar Galib, ko za su yarda a zauna. Na ce ba mu da bijimi, addu'a muke da ita.

"Yaya, bijimi ba ya fitowa daga carbi," in ji shi. Sai ya ɗaga kai ya nuna saman ƙofar surukata da haɓa. "Waccan tsohuwar fa? Masu tara kayan tarihi suna hauka a kan irinta."

Tun ranar da aka kawo ni gidan nan bindigar take rataye a wurin. Doguwa, baƙa, ƙotarta a naɗe da fatar akuya. Marigayi mijina Kayid bai taɓa sauke ta ba. Na taɓa tambayarsa, ya ce ta Inna ce, ya juya zancen. Ni dama ban taɓa ƙaunarta ba. Gidan da aka rataye ƙarfe sama da inda ake ajiye Alƙur'ani, me ake koya wa yaran cikinsa?

Litinin, bayan azahar

Inna Dawla ta tambaye ni ina Sinan. Idonta ya tafi, amma kunnenta yana nan. Na ce ya je San'a neman aiki.

Ta ce, "'Yar makaranta, sun koya miki lissafi, ba su koya miki ƙarya ba. Zuba mini shayi."

Talata, da sassafe

Na buɗe ƙofa na tarar da kwandon inabi a dokin ƙofa. Nunan fari na gonar Galib, kamar kowace shekara. Bana ma? Jikansa bai yi wata guda a ƙasa ba. Ko mantuwa ce ta masu aikinsa, ko izgili ne. Na so in zuba wa awaki. Inna ta ji ƙanshinsa daga ɗakinta ta ce a kawo mata. Ta ci, ɗaya bayan ɗaya.

Ban gane mutanen nan ba.

Laraba, bayan la'asar

Da Inna ta kwanta bayan azahar na sauke bindigar. Ba sata ba ce. Sinan ne magajin gidan, kuma don ransa ake yi. Nauyinta ya ba ni mamaki, sai da na dafa bango. Na naɗe ta a bargo, muka tafi gidan Radman, inda ya kira Usta Mukbil, mai gyaran bindigogi na kasuwar Talata. Radman ya ce in jira a ɗakin mata. Na ce ban yarda ba, shi ko jaki aka sayar masa a matsayin doki sai ya yi godiya. Na zauna a bakin ƙofa da lulluɓina.

Mukbil gajere ne, baki ba ya hutawa. Ya warware bargon yana cewa, "Kowa tasa ta sarki ce, Ummu Sinan. In na duba sai in tarar bututun famfo ne." Da ya gan ta sai bakin ya tsaya. Ya goge hannunsa a rigarsa tukuna ya ɗauka.

"Mauza ce," ya ce. "Kai, baiwar Allah, ina kika ɓuya?"

Ya goge saman ƙarfen da babban yatsa, ya juyo mini da shi. Wani zane ne kamar rubutun da aka ƙulla, da jinjirin wata ƙarami a gefe. Ya ce hatimin sarkin Turkawa ne. Jamusawa suka ƙera masa, sojojinsa suka hau duwatsun nan da ita, su ba su koma ba, ita ma ba ta koma ba. Ya zare sakatarta, ya karanta lambar da ke jiki, ya karanta ta kan bututun, ya ce iri ɗaya ne, ba a taɓa yi mata aron gaɓa ba. Ya ɗauki harsashi ya gwada kansa a bakinta, ya ƙi shiga.

"Kun gani? Bakinta bai saki ba. Ba kamar na Radman ba."

"Yi aikinka, tsohon banza," in ji Radman.

Sai ya ɗaga ta wajen taga, ya sa farcen babban yatsansa a gindin bututun don ya kama haske, ya leƙa ta baki. Ya daɗe. Ya ce, "Ummu Sinan, zo ki gani, ba za ki sake ganin irin wannan ba." Ban so ba. Amma na leƙa.

Subhanallah. Haske ne yake murɗawa yana hawa, layi bayan layi, kamar matakalar hasumiyar babban masallaci in ka tsaya a ƙasa ka ɗaga kai. Babu tsatsa ko ƙwaya. Ban san ɗan Adam zai zuba irin wannan kyau a cikin abin kashe ɗan uwansa ba. Na yi istigfari, amma na sake leƙawa.

Mukbil ya kai hancinsa ga ƙarfen ya shinshina, ya yi dariya. "Man riɗi! Da hayaƙin lubban! Wallahi namiji ba ya shafa wa bindiga man riɗi, yana daskarewa, ji yadda sakatar ke kamawa. Wannan mace ke renonta. Kuma rabon da ta yi aman wuta, tun ban fara aski ba."

Radman ya ce, "To za ta yi bijimi?"

"Za ta yi bijimi da saniyarsa, in itacen lafiya yake. Amma ba na sayen ƙota a rufe. Ana ɓoye tsaguwa a ƙarƙashin fata." Ya ɗauko ƙaramar wuƙa ya fara tsinke ɗinkin.

Ana kiran sallah. Zan ƙarasa.

Laraba, bayan magariba

Gashi ne.

Kitso guda na mace, dogo, an yanke shi daga tushe, an naɗe shi a wuyan ƙotar an ɗaure da jan zare. Akwai furfura a ciki. A ƙarƙashinsa, a jikin itacen, tambari ne da aka yi da wuta: zobe da sanda uku. Ba sai an faɗa mini ba. Shi ne a cinyar shanun gidan Galib, shi ne a dutsen saman ƙofarsu.

Mukbil ya janyo matashin da yake jingine da shi, ya kwantar da ita a kai, ya miƙe tsaye.

"Ba na saye," ya ce. "Duk kasuwa ba mai saye, wanda ya saya kuma ba ɗan halak ba ne. Wannan bindigar roƙon jini ce. Shekara da shekaru ina aikin nan, hannuna bai taɓa taɓa irinta ba. Ku yafe mini wuƙar da na sa."

Ni a bakin kakanni kawai na san abin. In ɗan gida ya zubar da jini, uwarsa ta yanke kitsonta ta naɗe a bindigar da ta yi ɓarnar, ta kai ƙofar waɗanda aka yi wa, ta zauna a ƙasa. In uwar mamacin ta sunkuya ta ɗauka, magana ta mutu, ba namijin da ya isa ya tashe ta. In ta bar ta a ƙasa har rana ta faɗi, shi ke nan.

Wato gidan Galib sun taɓa zama a ƙofarmu. Wato wata a gidanmu ta sunkuya.

A mota Radman sai buga sitiyari yake. "Yaya, mun tsira! Rai muke bin su! Gobe in tsaya a tsakiyar kasuwa in faɗa!" Na ce ya rufe bakinsa ya kalli hanya. Amma zuciyata tana faɗar abin da yake faɗa.

Alhamis, da hantsi

Na sami Inna zaune a ƙarƙashin ƙusoshi biyun da ake rataye bindigar, ta harɗe hannu. Ashe kullum da safe takan ɗaga hannu ta taɓa ta. Shekara da shekaru muna gida ɗaya, ban taɓa lura ba.

"Nawa suka taya?" ta ce.

Na durƙusa na ɗora mata a cinya. Yatsunta suka bi har suka sami gashin. Ta ce, "Ah. An tuɓe ki."

Na ce, "Inna, wa aka kashe mana?"

"Hizam. Yayan mijinki. Na fari."

"Zazzaɓi aka ce mini."

"Ni na ce a ce zazzaɓi. Kayid yana goye a lokacin. Kina so ya tashi da wannan a cikin abincinsa?"

Ta ce a bakin magudanar ruwa ne, ranar da kwari ya kawo ruwa, ana rigimar wa zai fara juyawa gonarsa. Hizam gemu ya fara tsiro masa. Galib ma yaro ne, shi ya harba. Uwar Galib ta zo ta zauna a ƙofar nan tun asuba, gashin kanta a yanke gefe guda. Mazan gida suna ciki suna ɗura harsashi. Inna ta ce ta tsaya a bayan ƙofa har inuwa ta juya, tana ƙin matar, tana ƙin ɗanta, tana ƙin ruwan. Sannan ta buɗe.

Na ce, "Me ya sa kike shafa mata mai? Abin da ya kashe miki ɗa?"

"'Yar makaranta, kin zaci sau ɗaya ake yafewa? Duk shekara in ranar ta zagayo, sai in tashi in ji ban yafe ba. Sai in sauke ta, in zauna in shafa mata mai, lungu lungu. Kafin in gama na yafe. In mayar, sai baɗi."

Na kalle ta. Matar da nake yi wa faɗa don ta zubar da shayi a shimfiɗa. Matar da nake gyara wa karatun Fatiha.

Sannan na ce, "Inna, Sinan ba ya San'a."

"Na sani tun daren da aka daina kiɗa a tsakiyar waƙa."

"To ki bari in kai musu. Su tuna."

Ta ɗora tafinta a kan bindigar. "A'a. Ban ba Galib rance ba. Allah na ba. In kika kai ta don a biya ni, kin sayar da ita ke nan, da ki bar wa Mukbil ya fi."

"Jikanki ne!"

"Hizam ɗana ne."

Juma'a, bayan sallah

Da wata mata ce ta kawo mini wannan shari'ar, da na ce tsohuwa ta yi gaskiya, abin da aka ba Allah ba a komawa karɓa. Da na faɗa da ƙarfi ma.

Lahadi, da yamma

Na wanke rigar.

Talata, bayan azahar

Radman ya rantse zai faɗa a masallaci. Na ce in ya yi, ba ni ba shi har kabari. Ya ce, "Ke da tsohuwar nan za ku kashe yaron da tsoron Allah." Na mare shi da magana, ya tafi. Bayan ya tafi na zauna a matakala.

Bijimi babu. Dattawa sun je ba bijimi, 'ya'yan Galib ba su ba su wurin zama ba. Su ba su san komai ba, kamar yadda Kayid bai sani ba. Galib ya sani. Inabin nan ba mantuwa ba ne.

Alhamis, da asuba

Wata ya zama kamar yankan farce. Sinan ya aiko cewa ya gaji da ɓuya, in wa'adi ya cika zai sauko da ƙafarsa ya tsaya a ƙofarsu. An ce ba ya cin abinci. An ce yana kiran sunan Murshid. Tare suka yi makarantar allo.

Na faɗa masa. Na faɗa masa.

Asabar, da hantsi

Inna ta kira ni. "Kawo almakashi."

Ta kwance jan zaren da kanta, ta warware tsohon kitson a hankali kamar mai cire ƙaya daga ƙafar jariri. Ta sa na buɗe akwatinta, ta tura shi cikin likkafaninta.

"Wannan tsakanina da uwar Galib ne, da shi za a binne ni. Ke kuwa uwa ce, kina da kanki, kina da gashi. Bindigar ɗanki tana hannun dattawa tun ranar farko, ba ki da abin naɗawa. Ga wannan, aro na ba ki. Ƙarfe ne kawai yanzu."

Na ce, "Tambarinsu fa?"

"Ni na buga shi? Mai ido ya gani. Amma ke, in sunan Hizam ya fito daga bakinki, ban yafe miki ba duniya da lahira. Roƙo za ki je yi, ba karɓar haƙƙi ba. Nuriya ba ta ci miki komai ba. In ta bar ta a ƙasa, ta yi daidai, ki tashi ki dawo."

Nuriya ita ce uwar Murshid. Shekara ɗaya aka kawo mu garin nan.

Na cire ɗankwali. Inna ta laluba ta kama kitsona na dama. Tun ina budurwa almakashi bai taɓa kaina ba. Ƙararsa a kusa da kunne ba ta da daɗi.

Litinin, da sassafe

Jiya ban iya riƙe alƙalami ba.

Na fita bayan asuba, ni kaɗai da bindigar, kitsona a naɗe a ƙotarta, bakinta yana kallon ƙasa. Na ajiye ta a dokin ƙofar Galib na zauna a turɓaya. 'Ya'yansa suka fito. Babban ya ce, "Tashi, baiwar Allah, zamanin wannan ya wuce. Ba ma taɓa mace, amma ki tashi." Ƙaramin ya faɗi abin da ba zan rubuta ba. Ban ɗaga kai ba.

Sai ƙarar sanda a matakala. Galib ya fito, ya ture su. Ya kalli ƙasa. Na ga ƙafafunsa sun tsaya. Ya sunkuya da ƙyar, bai ɗauka ba, yatsa ɗaya ya ɗora a kan zoben nan da sanda uku.

Sunan Hizam yana bakina. Wallahi yana kan harshena kamar garwashi. Na cije.

Ya ce, "Dawla tana lafiya?"

Na ce, "Tana lafiya."

Tsohon nan, mai gonaki har bakin kwari, ya jingine sandarsa ya zauna a turɓaya kusa da ni, yana fuskantar ƙofar gidansa kamar baƙo. 'Ya'yansa suka ce, "Baba, me ke nan?" Ya ce, "Ku shiga. Ba maganar maza ba ce."

Rana ta hau. Mutane suka taru daga nesa, ba mai tari. Aka yi azahar, ya yi taimama a inda yake. Tagar sama tana buɗe kaɗan, na san tana nan. Inuwar gidan ta juya ta rufe mu, ta wuce mu, ta fara hawa bangon maƙwabta.

Bayan la'asar ƙofa ta buɗe. Nuriya ta rame har ban gane tafiyarta ba. Ba ta kalle ni ba. Surukinta ta kalla.

"Baba, me ya zaunar da kai a nan? Jikanka ne."

Ya nuna kitsona da sandarsa. "Gashin uwata ya taɓa zama a wurin nan. Da ba a sunkuya ba, da ba ni, ba mijinki, ba Murshid. Ban ce ki yi komai ba, 'yata. Naki ne."

Ta tsaya. Ban san tsawon tsayuwar ba. Ina kallon yatsun ƙafarta suna kama ƙasa suna saki. Sannan ta ce, da murya kamar ta wanda ya sha hayaƙi, "Takiyya."

Na ce, "Na'am."

"Kada in gan shi. Ba a hanyar rijiya ba, ba a kasuwa ba, ba a jana'izata ba. Ya rayu a inda idona ba ya kaiwa."

Na ce, "Na ji."

Ta sunkuya. Da hannu ɗaya ta fara, bindigar ta rinjaye ta, ta kusa faɗuwa. Ba wanda ya taya ta, ba a tayawa. Ta sa hannu biyu ta rungume ta a ƙirji, ta juya ta shiga.

Ban yi guɗa ba. Wace guɗa? Na kifa goshina a turɓayar ƙofarta.

Litinin, bayan la'asar

Radman ya tafi kai wa Sinan labari, da farar rigarsa a ƙunshe. Sinan zai wuce Hudaida wurin abokin babansa. Na ce a gaya masa ya ci abinci, ya riƙe sallah, kuma duk ranar da ya manta ran wa yake ɗauke da shi, ni ba uwarsa ba ce.

Inna tana zaune a ƙarƙashin ƙusoshinta. Da safe na ga ta ɗaga hannu ta shafi bango, ta sauke.

"Ta ɗauka?" ta ce, ko da yake tun jiya na faɗa mata.

"Ta ɗauka, Inna."

"Allah sarki, yarinya." Sannan ta laluba bayan matashinta ta ciro wata 'yar kwalba, baƙa ƙirin don tsufa, ta miƙo mini.

"Man riɗi ne. Ki aika mata. Kada a ce mata komai. Baɗi war haka za ta gane."